Odinater Ba Ta Zuwa Gaida Suruki

Wani ne a can wajenmu, tsakanin Gangara da Gazawa. Kar ka tambaye ni sunan garin, Tahiru, kana da dangi can, kuma bakinka ba ya riƙe magana. Zuba mini shayi dai ka ji.

Shekarar da sojoji suka ce za su maida mulki hannun farar hula, kowa ya tashi shina son zama konseye a meri, wato kansila a majalisar magajin gari. Mai faci konseye, mai awaki konseye. Ni ma an zo har gida an roƙe ni, na ce ku bari, in na tsaya sauran mi za su samu.

Wanga mutum shi ma ya tsaya. Amma partinsu mutum guda za ta tsaida a garin, su kuma su biyu ne, shi da Na'Allah dillalin wake. Aka ce ran kasuwa delege, wakilin uwar parti, zai zo daga Gazawa, ya dube su, ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya.

Na'Allah na da moto sabuwa, babur ke nan, da lasifika. Mutumin namu ba moto, ba lasifika, amma shina da suruki. Alhassan, mijin ɗiyarshi ta fari, mai gyaran odinater, wato kwamfuta, a Maradi. Shi ya ɗauko wata tsohuwa mai ƙatuwar ƙeya kamar tukunyar rini, ya kafa mishi a zaure. Ya haɗa ta da gurup mai ba da wuta, ya cusa mata ɗan kile a gefe wanda take kamo rezo, wato intanet, da shi. Sannan ya sa foton surukinshi ya cika gilashin kaf, babbar riga, hula, gemu an taje. Ya koma Maradi.

Sai gari ya ruɗe. Daga ƙauyuka ake zuwa kan amalanke a ga mutum biyu a zaure guda, ɗaya a tabarma ɗaya a gilashi, kuma duk shi ne. Wata tsohuwa ta gaida na gilashin ta manta da na tabarma. Na'Allah ya zagaya gari da lasifika, ba wanda ya leƙo.

Ana nan saura ƴan kwanaki kasuwa, mutumin na jawabi a zaure. Ya yi alƙawarin rijiya. Ya yi alƙawarin lakol, makarantar boko mai bene. Da ya ga ana gyaɗa kai sai ya ce kwalta zai shimfiɗa daga ƙofar gidanshi har Cadawa, ya ɗaga hannu ya buga rantsuwa. Hannun bai faɗa a cinya ba, kan madannan odinater ya faɗa.

Gilashi ya yi baƙi, ya dawo. Sai ga mutumin kai ƙasa, gemu sama, hula na lilo kamar jemage.

Na'Allah, da ya laɓe a ƙofa shina leƙe, ya ce, "Ikon Allah. Ƙarfe ma ya kasa ɗaukar wagga ƙarya."

Kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya: inji ya duba, ya ga faɗuwa. Mushe Amadu (haka ake kiran malaman boko can), tsohon malamin lakol da ke sakataren parti, ya zo ya kama ɓeran, wato ɗan abin da ake turawa kibiya ta yi tafiya a gilashi. Ya tura dama, kibiya ta yi hagu. Ya tura sama, ta yi ƙasa. Ya aje ya ce shi lissafi ya koyar, ba aljanu ba.

Indo, matar mutumin, ita ta ɗauki salula ta kira Maradi. Ta buɗe murya, ta miƙo ta bakin labulen zaure. Alhassan ya yi gaisuwa, ya yi gaisuwa. An ce mini har durƙusawa ya yi can cikin shagonshi, kwastomomi na kallo.

Mutumin ya ce, "A gaya wa yaron nan abinshi ya kife ni. Ya zo ya tada ni kafin kasuwa."

Alhassan ya ce, "Baba, aikin zaɓe ya yi mini yawa, ba ni iya barin Maradi. Amma ba sai na zo ba. Daga nan zan shiga cikinta in gyara."

"Daga can?"

"Daga nan, Baba. Zan ga abin da ke gilashinku a gilashina, in tura ɓerana, kibiyarku ta motsa."

Mutumin ya dubi jama'a ya gyara zama. "Kun ji irin surukan da nike da su. To, ya shigo, an ba shi izini."

"Ai nan ne, Baba. Ni ba ni iya shigowa da kaina. Taku na bayan katangar kamfanin waya. Duk wanda ya taho daga waje ba a buɗe mishi ƙofa. Kuma ba ta da adireshi guda, kullum aka kunna kile sai a canza mata lamba, ban ma san inda zan ƙwanƙwasa ba. Amma na ciki in zai fita ba mai hana shi. Shi ya sa tawa ce na buɗe wa ƙofa, tana zaune tana jira. Akwai ɗan koren abu a gefen gilashi, na sa adireshina a ciki tun ran da na kawo ta. A danna shi. Taku ta fito ta zo wajen tawa ta yi sallama, in amsa. Hanyar da ta buɗe ita zan biyo in shigo."

Mushe Amadu ya ce, "Sauƙi ke nan," ya miƙa hannu.

Mutumin ya kama mishi hannun riga. "Tsaya. Wa zai je wajen wa?"

"Taku za ta zo wajen tawa, Baba."

"Ta yi sallama."

"Haka nan ne, Baba."

"Kai kana zaune."

Alhassan ya fara ba da haƙuri.

Mutumin ya ce, "Mushe, ran da yaron nan ya zo neman aure, wa ya je gidan wa?"

"Su suka zo."

"Da baffanninshi. Takalma tun daga gindin itacen bedi suka cire su. Ni ina nan zaune inda nike yanzu. Yau kuma abin da ke zaurena, da fotona a fuskarta, da gemuna, ita za ta kama hanyar Maradi ta tsaya ƙofar surukina tana salamu alaikum? Gobe a ce a kasuwa na je gaida suruki? Tashi ce za ta zo."

"Baba, ba ta iya zuwa, katanga ce."

"Ta gwada."

Alhassan don ladabi ya gwada. Aka jira. Ya ce, "Ga shi nan, Baba, an ƙi buɗe mata."

Mutumin ya shafa ƙeyar odinater. "Kun gani? Tarbiyyar gidan nan ce. Baƙo ba ya faɗo mata haka nan."

Indo daga bayan labule ta ce, "Tarbiyya ta yi, Malam, amma kanka na ƙasa."

Haka aka wuni. Ta Maradi ta buɗe ƙofa tana jira a zo. Ta zaure ta rufe ƙofa tana jira a zo. Gurup na shan mai. Tamkar ƴan takara biyu da suka faɗi zagayen farko, kowa na zaune gida shina jiran ɗayan ya zo neman haɗin gwiwa.

Washegari mutumin ya ce ya gano inda aka yi kuskure, ba a bi hanya ba ne. Irin wanga al'amari ba a yin shi ba ɗan aike. Ya samu mai kabu-kabu, mai haya da babur, ya ɗaura mishi ƙullin goro, ya ce ya kai Maradi, ya aje gaban odinater ɗin Alhassan, ya gaya mata manya sun ce an yarda ta zo.

Mai kabu-kabu ya je ya dawo, ƙafa duk ta kumbura.

"Ka kai?"

"Na kai."

"Gabanta ka aje?"

"Gabanta."

"Mi ta ce?"

"Ba ta ce komi ba."

Mutumin ya yi murmushi. "Kunya ce. Ta yarda. A share zaure."

Aka share zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Ba wanda ya zo sai akuyar maƙwabta.

Da Mushe Amadu ya ga abin zai kai su ƙasa duka, sai ya ce tunda zamanin dimokuraɗiyya ne a tara komite a kaɗa ƙuri'a. Aka tara komite. Indo ta dama fura. Da aka shanye, Mushe ya ce wanda ya yarda a danna koren abu ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi duka, har da na mai kabu-kabu da ba ya cikin komite.

Mutumin ya duba, ya duba, ya ce an yi maguɗi. Ya ce ya ga Mushe ya ɗaga hannu biyu. Mushe ya ce hammata yake sosawa. Ya ce sosa hammata lokacin zaɓe ma maguɗi ne. Ya soke zaɓen, ya ɗage shi sai abin da hali ya yi.

Mushe ya ce, "To ko mu kife gilashin kanshi?"

Wannan ya karɓu, don ba sallama a ciki. Ƙarti suka ciccibi gilashin suka juya shi, Indo ta ba da gammo aka ɗora shi a kai, aka tokare da tubali. Sai ga mutumin ya miƙe tsaye, hula sama, gemu ƙasa. Kibiya ma ta dawo hankalinta. Sai dai ƙafar gilashin na sama tana nuna rufi, wayoyi sun rataya kamar hanjin rago.

Aka yi kabbara. Mutumin ya aika a kira Na'Allah ya zo ya gani.

Na'Allah ya zo, ya zagaya abin, ya sunkuya ya leƙa. Ya ce, "Madalla. Da kai ne a ƙasa. Yanzu gindi ne a sama. Delege zai ji daɗin wannan."

Ran kasuwa da hantsi mutumin na zaune ya kasa shan koko. Amalanku sun fara shigowa. Lasifikar Na'Allah na ta faɗin a zo a ga ɗan takarar da ke mulki da ƙafa sama. Sai Indo ta fito ta tsaya bakin labule da kwanon ƙuli-ƙulinta.

"Malam, in yi tambaya?"

"In ba ta sallama ba ce."

"Ran da jinin kai ya taso maka, wanzami ya zo ya yi maka ƙaho, shi ya faɗo cikin gida da kanshi?"

"Wane shi. Aikawa na yi."

"Da ka aika, gaishe shi ka je yi?"

"Kiran shi na yi. Ni ina kwance."

"Mai gari in shina son ganin mutum, wa ke tashi?"

"Dogari."

"Dogarin ya ƙasƙantar da mai gari ke nan?"

Mutumin ya aje ludayi. Ya dubi Mushe. "Mushe, wanga koren abu, gaisuwa yake kaiwa ko sammaci?"

Mushe ya dubi Indo, ya dubi rufi. "Ni dai yadda na karanta shi da Faransanci, sammaci ne."

"To mi ya sa ba ku faɗa ba tun farko? Ku jawo mini ita."

Ya ce ba wanda zai danna sai shi. Ya sa babbar riga, ya aika aka tara mutane don su shaida. Ya tsaya gaban odinater ya nuna ta da yatsa. "Ke. Ki je Maradi ki ce ina kiran shi. Kar ki gaida kowa a hanya. Kar ki cire takalmi. In an ba ki ruwa kar ki sha." Mushe ya ɗora mishi kibiya kan koren abu, ya danna da ƙarfi har ɓeran ya yi ƙara.

Indo ta kira Alhassan. Ya ce, "Ta iso, Baba. Na amsa. Ga ni na shigo."

Sai kibiya ta motsa ita kaɗai. Ba hannun kowa a ɓera. Ta yi gefe, ta buɗe wani abu, ta rufe. Rabin zaure ya zuba waje, wani ya bar takalmi. Ni da ina wurin ban motsa ba, na saba ganin irin haka tun ina Abijan.

Mutumin ya ce, "Kun ga ladabi? Ana kira ya zo."

To abin da ba wanda ya gaya wa Alhassan shi ne an kife gilashi kan gammo. Shi kuma daga can cikin odinater kawai yake gani, ba ya ganin yadda aka aje ta a ɗaki. Ya gyara abin da aka kira shi ya gyara. Gilashi ya yi baƙi, ya dawo. Mutumin kai ƙasa.

"A gaya wa yaron nan ya kife ni."

"Baba, na gyara."

"Ya kife ni, na ce."

Mushe ya gane, ya ce da ƙarti su yi maza su maida gilashin kan ƙafarshi. Suna cicciɓa suna juyawa, Alhassan can ya ɗauka bai gyaru ba, ya sake juyawa. Suna direwa, mutumin kai ƙasa.

"Har yanzu, Baba?"

"Har yanzu."

"Bari in gwada wani."

Sai ga mutumin kwance ta gefen dama kamar mai barcin rana.

"Yanzu fa?"

"Ya kwantar da ni."

Sai ga shi ta gefen hagu.

Ana cikin haka mota ta tsaya ƙofar gida. Delege ne, Alhaji Bubakar, tumbi a gaba, salula a kowane hannu. Na'Allah na biye da shi shina share mishi hanya, bakin nan har kunne. Mutane suka dare. Delege ya shigo ya tsaya gaban gilashi, daidai lokacin da mutumin ya tashi daga kwanciyar hagu ya koma kai ƙasa, ya sake miƙewa tsaye, ya sake kwanciya.

Na'Allah ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi nan, ba sai na yi bayani ba. Tun ba a zaɓe shi ba ana wasa da kanshi kamar ƙwarya a ruwa."

Mutumin namu gumi ya jiƙa hula.

Delege ya sunkuya. Ya duba ƙarƙashin tebur. Ya duba bayan labule, Indo ta gaishe shi. Ya dubi ɓera, ba kowa kusa da shi. Ya ce, "Wa ke juya shi?"

Mushe ya ce, "Daga Maradi ne, ranka ya daɗe."

"Daga Maradi? Ba sai an zo ba?"

"Ba sai an zo ba."

"Daga Yamai fa, zai yiwu?"

Alhassan ta salula ya ce, "Ko daga ina, ranka ya daɗe, in dai akwai rezo."

"Duk ta inda aka so?"

"Sama, ƙasa, dama, hagu."

Delege ya sa salula ɗaya a aljihu. "To in an zo juya shi ya rufe ƙofa fa? Mun sha tsaida mutane, suna hawa kujera su daina ɗaukar waya."

"Ai ba a ƙwanƙwasa mishi, ranka ya daɗe. Shi ke kira. Mai juyawa zaune yake kawai shina jira."

Nan mutumin namu ya samu bakin magana. Ya dafa ƙirji. "Ni na kira shi, ranka ya daɗe. Da hannuna. Ga shaidu."

"Da kiredin wa?"

"Nawa."

Delege ya juya ya dafa kafaɗar Na'Allah. "Ka yi haƙuri, Na'Allah, ka koma wakenka. Tun da aka kafa parti irin wannan muke nema."